Sunan da Lado Bai Kira Ba

Minnesota, Amurka
6 ga Maris, 2001

Zuwa ga Gwaggo Azumi,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kina lafiya, ke da Baba Talle da duk mutanen gida. Barka da Sallah. Yaya ƙafar? Na san ba ki daina tsayuwa a kan kwandunan attaruhu a kasuwar Mile 12 tun safe har la'asar ba, ko da likita zai yi ta magana. Mu nan lafiya lau, sai sanyi. Baba lafiya, ƙanena Jamaluddeen ma haka. Mun je idi cikin ƙanƙara har idon sawu, muka dawo muka ci naman kanti. Duk yinin ina tuna ragon da ake ɗaure mana a gindin rijiya a Agege.

Gwaggo, ƙara na kawo miki, kuma ƙarar ƙanenki ce.

Kin san wasan da nake yi wa kwalejinmu, hokin kan ƙanƙara, wanda kike kira wasan masu takalmin wuƙa. Ni ce mai tsaron raga. An gama wasannin bana, kuma su ne na ƙarshe a wurina tunda a watan Mayu zan kammala karatu. Duk ƙarshen shekarar wasa ana yin walima a raba kyaututtuka: wadda ta fi jefa wa raga, wadda ta fi a cikin sababbi, har da wadda ta fi haƙurin zaman benci. Babban kofin shi ne na gwanar shekara, kuma ba koci ke zaɓa ba, 'yan wasa ne ke jefa ƙuri'a a asirce. Shekaranjiya koci ta kira ni ofis ta ce ni aka zaɓa. Mu ashirin da biyu ne, na samu ashirin da ɗaya. Ɗayar tawa ce na ba wata.

Al'adar kwalejin nan, uban yarinya ko uwarta ke hawa dandamali, ya kira sunanta, ya faɗi wani abu a kanta, ya miƙa mata kofin da hannunsa. Inna ta rasu, Baba ya rage mini. Na same shi a falo na durƙusa na faɗa masa. Ko ɗagowa daga jaridarsa bai yi ba ya ce, "To, madalla. Sai kocin ta miƙa miki." Na ce ai iyaye ake so. Ya ce, "Ba a yin haka." Ya juya shafi.

Shekara goma sha uku ke nan tun da aka ɗauko ni daga hannunki, ban taɓa jin sunana a bakinsa ba. Daga "ke" sai "'yar Azumi". Shekara huɗu ina tsaron ragar nan, ƙafarsa ba ta taɓa taka filin ba, kuma tafiyar minti arba'in ce a mota. Amma ki zo ki gan shi ranar da Jamaluddeen ke ƙwallon kwando. Yana tsaye yana ta "Jamalu, Jamalu" har muryarsa ta dashe, Turawa na juyowa suna dariya. Na haɗiye wannan duk, Gwaggo. Wannan karon ya ƙi wuce mini.

An ba ni aiki wuri biyu, ɗaya a nan kusa da gida, ɗaya a wani ɗakin gwaje-gwaje a Houston, tafiyar kwana biyu a mota. Walimar ranar 21 ga Afrilu ce. In aka kira iyayena kujerar ta zauna babu kowa, Houston zan tafi, kuma ba zan bar masa adireshi ba. Ke ce yayarsa, ke kaɗai yake jin maganarki. Don Allah ki rubuta masa.

Taki,
Mufida

*

Agege, Legas
25 ga Maris, 2001

Mufida,

Wa alaikumus salam. Wasiƙarki ta iso jiya. Muna lafiya, Malam yana Apapa kwana shida ke nan a layin ɗaukar kaya, ya ce a gaishe ki. Ƙafa da sauƙi. Tumatir ya yi arha har ana zubarwa, attaruhu ne ke riƙe da mu. Na yi miki barka da kofi, Allah Ya sa albarka. Ƙanƙara dai mu nan saye muke mu jefa a zoɓo, ku kun shimfiɗa ta kuna gudu a kai har da raba kofuna. Allah Ya kyauta.

Yanzu ki zauna ki ji. Na karanta takardarki sau biyu, kuma a karo na biyu raina ya fi ɓaci. Ni na raine ki daga yaye har shekara tara, a bayana kika koyi magana, amma kamar duk abin da na zuba miki sanyin can ya daskarar da shi. Ke 'yar fari ce. A wace duniya kika ga uba ya hau abu mai tsawo a gaban jama'a yana kiran sunan 'yarsa ta fari yana yabonta? Ko mahaukacin Oshodi ba zai yi ba. Jamalu na biyu ne, in Lado ya so ya hau rufin gida ya kira shi, ba mai cewa uffan. Ke kuma kunyarki yake ji, kuma wannan kunyar girma ce aka ba ki wadda Jamalu ba zai taɓa samu ba.

Ni ma 'yar fari ce. Kakanki Baba Yari har ya koma ga Allah bai taɓa cewa Azumi ba. Ranar ɗaurin aurena da asuba ya ɗauki jakarsa ya tafi Shagamu sarin goro, sai bayan kwana uku ya dawo. Ban mutu ba, kuma ban yi barazanar tafiya Houston ba.

Na ba maƙwabciyata a kasuwa labari, Iya Sikira mai sayar da albasa. Ta riƙe haɓa ta ce, "Ah ah, Mama Mufida, ku Hausawa da wahala. In tawa ce, babanta har da makaɗa zai je, ya yi mata liƙi a goshi." Na ce mata kowa da irin gidansu. Ke ma abin da zan ce miki ke nan. Kin zauna cikin Turawa kina auna ubanki da mudunsu, shi ya sa kike ganin bai cika ba.

Maganar ƙin barin adireshi kuwa, kada in sake jin ta. Wannan bakin ban san shi ba.

Duk da haka zan rubuta masa, don ban iya jin kukanki in yi barci ba, tun kina ƙarama haka kike cin galaba a kaina. Zan ce ya je. Amma ki sani abu mai nauyi kika roƙa, in ya yi ki gode masa.

Gwaggonki,
Azumi

*

Agege, Legas
25 ga Maris, 2001

Lado,

Assalamu alaikum. Ina fata kana lafiya da yaran. Mu nan sai godiya.

Ba doguwar magana zan yi ba, mota na jira a sauke kaya. 'Yata ta rubuto mini kan walimar makarantarsu. Na san abin da ya hana ka, kuma ban ga laifinka ba, na ma yi mata faɗa. Amma uwarta ba ta raye, ni kuma ina nan, teku na tsakaninmu. Ba za a kira iyayen yarinya a ga kujera wayam kamar marar gata ba. Ka sa babbar rigarka ka je. In an kira ka ka tashi, ka yi magana irin ta mutanen kirki, kamar yadda Baba zai yi in da shi ne. Kada ka ba mu kunya a gaban baƙi.

Umarni ne, ba shawara ba.

Yayarka,
Azumi

*

Minnesota, Amurka
23 ga Afrilu, 2001

Gwaggo,

Ina gaisuwa. Ina fata kowa lafiya. Ni jikina lafiya, sauran kuma za ki ji.

Me kika rubuta wa Baba? Ina so in sani, don da na san abin da zai biyo baya da na bar kujerar nan wayam.

Ya zo. Ya sa babbar riga ruwan bula da hular da kika aiko masa, ya fi kowa kyau a zauren. Da na gan shi ya shigo sai da na shiga banɗaki na wanke fuska. Mutum wajen ɗari biyu, tebura da fararen ƙyallaye, hotunanmu a bango. Aka fara da ƙananan kyaututtuka. Uban wata ya hau, ƙato mai aikin katako, ya ba da labarin ranar da ya fara ɗaura mata takalmi tana shekara huɗu, ya kasa ƙarasawa don kuka. Uwar wata ta ce ita 'yarta ce jarumarta. Ni ina zaune ina cewa a raina ko kalma biyar ya faɗa ta ishe ni.

Koci ta ɗaga kofin ta ce, "Gwanar shekara, kuma ga mahaifinta." Baba ya hau, ya ciro takarda daga aljihu. Ya gode wa shugaban kwaleji. Ya gode wa koci. Ya gode wa 'yan wasa, da masu dafa abinci, da dattijon da ke tuƙa motar share ƙanƙara. Sannan ya ce, da Turancinsa tsaf, ba inda ya yi tuntuɓe:

"Na san yarinyar nan tana da taurin kai, kun yi haƙuri da ita shekara huɗu. Duk abin da ta yi muku ba daidai ba, ina roƙo ku yafe mata. Wannan kofi ba don ta fi kowa aka ba ta ba, alherinku ne kawai. Ni kuma ba ni da hannu a ciki, yayata ce ta raine ta."

Ya naɗe takardarsa. Ya karɓi kofin da hannu biyu, ya mayar wa koci ya ce ita ta fi cancanta ta miƙa. Ya sauko ya zauna, ko inda nake bai duba ba. Sunana bai fito ba ko sau ɗaya.

Gwaggo, zauren ya yi tsit har ina jin ƙarar firjin lemo. Aka yi wani tafi guntu-guntu irin na jaje. Na taka na je na karɓi kofin daga hannun koci, ita fuskarta ta yi ja, ni tawa ban san yadda ta yi ba. Shekara huɗu na yi ina kafa mutuncina a wurin nan, baƙar fata ni kaɗai, mai ɗankwali a ƙarƙashin hular ƙarfe ni kaɗai. Mutum ashirin da ɗaya suka ce na fi, ubana ya hau ya ce musu sun yi kuskure.

Bayan an tashi, wadda muke ɗaki ɗaya ta ja ni gefe ta ce, "Ashe ba shi ya haife ki ba?" Wata ta tambaye ni ko yana dukana a gida. Koci ta saka mini wata 'yar takarda a hannu, lambar matar da ke sauraron ɗaliban da ke da matsala da iyayensu. A kan Baba, Gwaggo. Na ji haushinsa, na ji haushinsu, na rasa wanda zan fara da shi.

A mota kuwa fuskarsa wasai. Ya ce, "To, alhamdulillahi, an yi lafiya. Gwaggonki ta ce in yi, na yi." Har da kunna rediyo.

Kin ce in gode masa. Ban gode ba. Na karɓi aikin Houston. Adireshin yana bayan takardar nan, naki ne ke kaɗai, kuma amana ce.

Mufida

*

Minnesota, Amurka
22 ga Mayu, 2001

Yaya Azumi,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ki da Malam Talle, da fatan ƙafa ta yi sauƙi. Ni da Jamalu lafiya.

Yaya, ina so ki gaya mini laifina, don na duba ban gani ba. Kin ce in je, na je. Kin ce in tashi, na tashi. Kwana uku na yi ina rubuta jawabin nan ina yagawa. Kin ce kamar yadda Baba zai yi, sai na zauna na tuno ranar saukarki ta Alƙur'ani a ƙofar gidanmu, yadda ya miƙe ya gode wa malam, ya ce a yafe miki ƙuruciyarki, ya ce ƙoƙarin malam ne ba naki ba. Ina yaro a lokacin amma na ga yadda dattawa suka yi ta gyaɗa kai. Shi na bi, kusan kalma da kalma.

Kin san abin da na ji a kan dandamalin nan? Na tsaya a gaban mutum ɗari biyu ina magana a kan 'yar fari, abin da ba wanda ya taɓa yi a zuriyarmu. Na sauko ina jin na yi mata abin da ko Baba bai yi miki ba, don shi a gaban 'yan unguwa ya yi, ni a gaban baƙi.

Sakamakon da na samu, wata guda 'yarki ba ta haɗa ido da ni ba. Gaisuwa daga bakin ƙofa, abinci a ajiye a juya. Ranar Asabar aka yi bikin kammala karatunsu, na je na zauna a baya. Washegari na dawo daga masallaci na tarar ɗakinta a share, akwatuna babu. Kofin ta bar mini a tsakiyar teburin cin abinci, ba ko takarda a ƙarƙashinsa. Jamalu ya ce bai san inda take ba, kuma na ga alama da gaske yake, don ya fi ni shiga damuwa.

Wannan wace irin tarbiyya ce? Ni na kawo ta ƙasar nan, ban hana ta karatu ba, ban hana ta wasan nan ba duk da surutun da 'yan uwanmu na masallaci suka yi ta yi mini. Sau nawa na tsaya na kare ta a bayan idonta? Sai don ban hau na yi ta kuka a gaban mutane kamar wani mai aikin katako ba?

Na san ba za ta ɓoye miki inda take ba. Ki aiko mini da adireshin. Yarinya mace ita kaɗai a garin da ba ta san kowa ba, ba na iya cin abinci.

Ƙanenki,
Lado

*

Agege, Legas
12 ga Yuni, 2001

Lado,

Wa alaikumus salam. Muna lafiya. Ruwa ya sauka, Mile 12 ta zama taɓo har ƙauri, motocin arewa sai su kwana biyu a hanya kaya na ruɓewa. Mufida tana lafiya, ta kama aiki, ta sami ɗaki kusa da masallaci. Ka ci abinci.

Adireshi yana hannuna, kuma ba zan ba ka ba.

Zan fara da nawa laifin don kada ka ce na tsallake. Ni na ce ka yi kamar Baba. Na rubuta ina sauri, kai kuma ka ɗauka ka haɗiye da ƙashinsa, injiniya guda. Na kuma yi wa yarinyar nan faɗa a kan gaskiyarta. Wata guda ke nan abin yana cina, ko ciniki nake sai in tsinci kaina ina yi wa mai saye tsawa.

Ka ce ka tuna ranar saukata. To rabi ka tuna. Da Baba ya gama cewa a yafe mini ya zauna, me ya biyo baya? Inna Kalsum ƙanwarsa ta rangaɗa guɗa har sai da kaji suka watse. Kakarmu ta cire mayafinta ta yafa mini, tana kiran Azumi, Azumi, tana cewa duk Agege ba kamata. Kawunnanmu suka ɗaga ni sama. Matan unguwa suka yi ta zuwa har magariba, kowacce da sunana a bakinta. Baba ya yi shiru ne don akwai baki arba'in da ke faɗa a madadinsa, kuma ni na san shi ya sayi goron da aka raba musu. Da ya ce ba ƙoƙarina ba ne, duk wanda ke wurin ya san cika baki yake yi a sace.

Kai wa ka ajiye a zauren nan da zai rangaɗa mata guɗa? Wa ya san abin da kake nufi? Ka ɗauke mini yarinya tana shekara tara, ka kai ta inda ba gwaggo, ba kaka, ba kawu. Kunyar ka zuba a akwati ka tafi da ita, mu masu faɗa ka bar mu a nan. Da uwarta Mariamu na raye ko a ɗaki ta riƙa raɗa mata. Shekara uku da rasuwarta, wa ya yabi yarinyar nan da Hausa ko sau ɗaya? Ni a nan sau hamsin a yini ake ce mini Mama Mufida, daga 'yan dako har direbobin danfo. Sunanta na yawo a kasuwar da ba ta ciki, a gidan da take ciki kuwa an kulle shi a baki.

Kana cewa ka kare ta a bayan idonta. Bayan ido ai ba ta da kunne a can. Kuma ka gaya mini, shekara huɗu, ka taɓa zuwa ka ga mene ne take tsarewa? Ni da ban taɓa ganin ƙanƙarar da ta wuce bulo ba ina da uzuri. Kai minti arba'in ne.

Ga sharaɗina. Ka rubuta mata wasiƙa da hannunka, ka aiko nan Agege. Zan buɗe in karanta, ba kunya. In na ga "ke" da "yarinyar nan" da "'yar Azumi", zan ƙulle wa wani attaruhu da ita. In na ga abin da ya kamata, zan aika mata. Ita za ta yanke ko ta ba ka adireshi ko ta hana. Na san takarda za ta ƙetare teku sau biyu kafin ta je garin da ke ƙasa ɗaya da kai. Kai ka jawo wannan nisan, ba gidan waya ba.

In kana tsoron abin da Baba zai ce, ni ce babba yanzu, na ɗauke maka.

Yayarka,
Azumi

*

Agege, Legas
30 ga Yuli, 2001

Mufida,

Assalamu alaikum. Muna lafiya, ina fata kin saba da zafin garin naku. Faɗan da na yi miki a watan Maris na janye rabinsa. Rabin da ya shafi tafiya ba sallama yana nan, za mu yi shi in mun haɗu.

Ga takarda daga ubanki. Na buɗe na karanta, ban gyara ko ɗigo ba, ban kuma ba shi adireshinki ba. Amanarki tana nan. Ki karanta a zaune.

Gwaggonki,
Azumi

*

Minnesota, Amurka
8 ga Yuli, 2001

Zuwa ga Mufida,

Assalamu alaikum. Ina fata kina lafiya. Ni da Jamalu lafiya, sai dai gidan ya yi mana girma.

Na je wurin kocinku. Ba ta yi murnar ganina ba, kuma ban ga laifinta ba. Na ce ina so in ga wasan. Ta ba ni kaset tara na bidiyo. Kafin in fita ta buɗe firji ta ciro wannan baƙin faifan robar da kuke bugawa ta sa mini a tafin hannu. Ni duk zatona ƙwallo ce mai laushi. Ashe dutse ne, kuma daskarar da shi ake yi don ya ƙara tauri.

Ranar Asabar bayan azahar na zauna na fara kallo. Wa ya ba ki izinin tsayawa a gaban wannan abu? Wace irin makaranta ce za ta jera 'ya'yan mutane da sanduna suna harbin yarinya ɗaya, iyaye na tafi? A wasa ɗaya na ƙirga harbi arba'in da bakwai, biyu kawai suka wuce ki. Na yi ta yi wa 'yan bayanki faɗa ta cikin talabijin, ina suka tafi suka bar ki ke kaɗai. Jamalu ya fito daga ɗaki ya ce in rage murya, maƙwabta za su kira 'yan sanda.

A kaset na shida, wasan 20 ga Janairu, faifan ya same ki a ƙashin wuya. Kin faɗi, kin daɗe a ƙasa, likita ya shigo kin kore shi da hannu, kin miƙe kin ƙarasa. Na tsayar da kaset ɗin na duba kalanda. Na tuna ranar. Kin zo gida washegari kin dafa mini tuwo, kin zuba mini da hannun hagu, na yi miki faɗa a kan hannun, na kuma ce miya ba gishiri. Me ya sa ba ki faɗa mini ba? Kada ki amsa, na san dalili.

Abin da na faɗa a zauren nan na faɗe shi ne da yaren gidanmu ga mutanen da ba su san gidanmu ba, kuma ke kika biya. Yanzu zan faɗa yadda kowa zai gane. Ba alherin kowa ba ne. Na kalli kaset tara, ba mai kama ƙafarki a cikinsu. Mufida, ke kika ci kofin nan. Ke ce 'yata ta fari, kuma tun ranar da aka haife ki nake alfahari da ke ina ɓoyewa. Ki yi haƙuri da rubutun.

Kofin yana inda kika bar shi, muna cin abinci muna zagaye shi. Ba zan aiko shi ta gidan waya ba. Ni aka ce in miƙa miki, ban miƙa ba. Ki gaya mini inda zan kawo.

Mahaifinki,
Lado